Mai Reno Ba Baiwa Ba Ce

Jama'a, ku zo mu yi hisabi. A doka, malamin firamare sai ya riƙe takardar NCE, ya yi rajista da hukumar malamai, kana a ba shi alli. Madalla. To, ita fa wadda ke fama da ɗan shekara biyu a gidan reno tun safe har a tashi kasuwa? Sunanta "yarinyar nan". Ba a tambayar takardarta, don kada ta tambayi albashinta.

Dokar UBE ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilmin tushe. A 2024 an yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma doka ta ɗauke wa mai ma'aikata ƙasa da 25. Gidan reno nawa ne ke da ma'aikata 25?

Ɗan kasuwa ba ya barin rumfarsa hannun wanda bai iya lissafi ba. Ashe ɗansa bai kai rumfa daraja ba?

Mahukunta, kwalejojin ilmi suna koyar da reno. Ku tura su can kyauta, a biya su kamar malamai. Mu kuma iyaye, mu daina taya ladansu kamar kashin albasa.