Ido Ma Yana Da Hakki A Kan Wasan Talabijin

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da muka lura da ita a ɗakin kallo na ɗalibai. Duk sa'ad da aka gama nuna wani kashi na wasan kwaikwayo mai dogon zango, sai gardama ta kaure a kan wanda ya ci amana da wadda za ta auri wa. Da wuya a ji wani ya tambaya: shin gidan nan da aka nuna, da tufafin nan, da hasken nan, gaskiya suka faɗa ko ƙarya? Alhali kuwa wasan talabijin da ido ake fara cinsa kafin kunne.

Tun da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, wasanni irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, da Labarina na Aminu Saira, suka shiga gidajenmu. Mun yaba ƙwarai, musamman yadda Daɗin Kowa ya nuna lungu da shago da tsakar gida irin na talaka. Amma da yawa cikin wasannin da suka biyo baya sun maƙale a falo guda: kujerun fata, labule har ƙasa, mota a bakin ƙofa. In an tashi nuna ƙauye kuma, sai a sa wa mutum tsumma don a yi dariya. Mu da muka taso a Kutawa mun san ba haka iyayenmu suke ba. Manomi yana da rigar gona, yana kuma da ta Juma'a a ajiye cikin adaka. Gidansa na da zaure da rumbu da danga, kowanne da amfaninsa.

Sau nawa muka ga wanda aka ce daga noma ya dawo, amma shaddarsa ko ƙura babu? Ko matar da ta farka daga barci da jan baki da ɗaurin kallabi? Ko daren da ya fi rana haske? Mai ɗaukar hoto kuwa ya kafa na'urarsa a kan fuska kawai, ya mance da hazon hunturu, da dammunan gero a kaka, da duwatsun Dutsin-Ma, da ruwan madatsar Zoɓe.

Za a ce mana kuɗi ne babu. To, hayar katafaren gida ta fi aron zauren mai unguwa tsada. Bincike ne ya yi ƙaranci, da tambayar tsofaffi da masaƙa da magina. Usman Baba Pategi da kakin soja da gashin baki ya tsai da Samanja a zukatan mutane. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim, aka gyara shi aka nuna a Balin ta Jamus a 2018, bayan shekara 42. Abin da aka ɗauka a wancan lokaci shi duniya ta gani. Haka ma Mai Martaba na 2024, da aka ɗauka a Daura, shi Nijeriya ta aika gasar Oscar.

Abin tsoron shi ne, hoton yau shi ne tarihin gobe. In jikokinmu suka duba wasanninmu, za su zaci Bahaushe bai taɓa gina soro ba. Ƙannenmu na ƙauye kuwa tun yanzu sun fara jin kunyar ɗakin da aka haife su.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, mu riƙa auna kowane wasa da tambaya uku: wa zai zauna a gidan nan, wa zai sa rigar nan, kuma wane lokaci ne hasken nan yake nunawa? Mu yaba inda aka dace, mu rubuta wa masu shiryawa inda aka kauce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu dace.