Kuɗin tsaron hanya: ina suka sauka?

Da zarar an tada zancen tsaron matafiya, sai masu mulki su ce baitulmali ba kome. Ƙarya ce! Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron ƙasa a 2020 ya gano miliyar 76 na sefa sun salwanta: wasu kaya an ninka farashinsu, wasu an biya ba a kawo ba. Ran 15 ga Maris 2021, 'yan bindiga suka tare motocin masu dawowa daga kasuwar Banibangu, suka afka ma ƙauye, mutum 58 suka halaka.

To, falken da ke kai raguna kasuwar Lahadi ta Baleyara, da ma'aikacin da ke bin hanyar Filinge, me suka samu? Shingaye, da hannun da ake miƙo ma direba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Buƙatarmu a fili take: duk dalar da aka ware don tsaron hanyar Kurfai, a buga lissafinta a jarida, da sunan wanda ya ci kwangila. Ranar kasuwa kuma, jandarma su raka motoci.