A auna motar gobe da titin Glass

Duk shekara manyan kamfanonin ƙera motoci sukan fito da abin da ake kira motar gwaji, wato samfurin da suke nuna wa duniya yadda suke hasashen zirga-zirgar birane nan gaba. Yawancinsu bakinsu ɗaya: motar gobe ƙarama ce, mai aiki da lantarki, mai kujera biyu. Hotunan suna yawo a wayoyinmu, matasanmu suna ta yabawa. Mu ma mun jinjina wa gwanintar, sai dai muna ganin da titin wasu aka yi awon, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ɗauki wadda ta fi kusa da mu. A shekarar 2019 kamfanin Citroën na Faransa ya nuna motar gwaji mai suna Ami One a bajekolin motoci na Janeba, a 2020 kuma ya fito da Ami ta sayarwa, wadda ake harhaɗawa a Kenitra ta ƙasar Maroko. Tsawonta bai kai mita biyu da rabi ba, gudunta bai wuce kilomita 45 a awa ba, caji ɗaya kuma yakan kai ta wajen kilomita 75. Akwai hikimar da ta cancanci koyi a ƙirarta: ƙofar dama da ta hagu iri ɗaya ce, haka gaba da baya, domin a rage tsada da yawan kayan gyara. Amma mutum biyu kacal take ɗauka.

To, a tsaya bakin titi a Glass da sassafe a duba yadda jama'a ke tafiya. Mai zuwa kasuwar Mont-Bouët ko tashar jiragen ruwa ta Owendo yakan tsai da taksi mai ja da fari, ya faɗi inda za shi da abin da zai biya. In direba ya yarda ya shiga, ya tarar da wasu uku a ciki, kowa da inda ya nufa. Inda taksi ba ta shiga, kilando ke shiga. A taƙaice, mutanen Libreville sun daɗe da gano abin da masana birane ke wa'azi a kai yanzu: mota ɗaya, fasinja da yawa. Idan aka raba mutum huɗun nan aka ba kowa ƙaramar motarsa, mota huɗu ke nan a gurbin ɗaya, a birnin da ke matse tsakanin bakin ruwa da tuddai. Cunkoso zai ƙaru, komai ƙanƙantar kowace. Don haka a ganinmu ma'aunin gaskiya shi ne mutum nawa mota ke ɗauka a kan ɗan filin titin da ta cinye.

Wanda zai zana mana mota, da kujeru biyar zai fara, da ƙofofi masu faɗi waɗanda dattijuwa za ta shiga da zaninta ba tare da ta takura ba, da wurin da zai ɗauki buhun shinkafa ko dilar atamfa. Ya ɗaga ƙasanta sosai, ya sa batirin inda ruwa ba zai kai ba, domin daga Oktoba zuwa Mayu ruwan sama kan mai da kwarin unguwanni tafki. Ya tuna da iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe. Ya tuna cewa wutar lantarki takan ɗauke, saboda haka batirin ya zama wanda direba zai cire ya musanya da cikakke cikin ɗan lokaci, kada ya rasa cinikin yini yana jiran caji. Sannan ya zama duk makaniken da ke da sifana da basira zai iya kwance ta ya ɗaura. Motar da sai an jira kwamfutar kamfani kafin a gano ciwonta, kaji ne za su gaje ta a bayan gida.

Kano ta ba mu darasi a nan. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, A Daidaita Sahu ce ta riƙe birnin, saboda tana ɗaukar mutum uku a tafiya ɗaya, kayan gyaranta na ko'ina, kuma talaka na iya mallakarta ta biyan kuɗi kaɗan-kaɗan. Rauninta ma darasi ne: gefenta a buɗe yake, kuma hawan tudu da kaya yana wahalar da ita. Abin da Libreville ke bukata yana tsakanin wannan keke da tsohuwar taksi.

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit ta Amurka, kuma shi ya zana siffar motar gwajin Chevrolet Volt da General Motors ya nuna a 2007. Ga kuma manganis ɗin Moanda, wanda ke cikin ma'adinan da ake haɗa batiri da su, kullum jirgin ƙasa na sauke shi a Owendo, a ƙofar gidanmu, ana lodawa zuwa ƙasashen waje.

Mu Hausawan wannan gari ba mu da yawa, amma muna da 'yan kasuwa da masu tuƙi da masu gyara, waɗanda suka san kowane rami da kowace kwana. Wannan sani jari ne, muddin ya haɗu da ilimin makaranta. Iyaye, yaron da kuka ga yana cika bayan littafinsa da zanen motoci, kada a kwaɓe shi. A ƙarfafa masa lissafi da kimiyya, a kai shi gareji lokacin hutu ya ga cikin inji da idonsa. Matasa kuma, kafin ku kwaikwayi hoton da kuka gani a intanet, ku zauna da direban taksi ku tambaye shi me ke karye masa a mota duk damina. Daga amsarsa za ku fara zane.