Kwalkwalin Kakanninmu Ba Na Sayarwa Ba Ne

A shekarar 1915 Faransa ta raba wa sojojinta hular kwano samfurin Adrian, domin kare kai daga ɓarɓashin harsashin igwa. Har yau jikokinsu suna adana ta, suna gane rundunar mai ita daga tambarin goshinta.

Mu fa? Duk kwalkwali, sulke ko takobin da ya rage a tsofaffin gidajen Koki tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, in tsatsa ba ta cinye shi ba, dillalan Kasuwar Kurmi za su saye da araha, baƙi su fita da shi.

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, mu tambayi dattawa tarihin waɗannan kaya, mu rubuta, mu kai su Gidan Makama. In muka yi sake, 'ya'yanmu sai sun biya kuɗi a Turai kafin su gan su.