Tabarmar Gulbin Kaba da kujerun bashi

A Tasawa da Mayahi, in mata suka shiga ganin ɗakin amarya, abin da ido ke fara nema shi ne kujeru. Domin gudun wannan ido ne uba ke sayar da gero tun kaka bai yi kuɗi ba, uwa ta kwashi adashi tun kafin zubinta ya yi nisa, a ɗoro manyan kujeru masu soso bisa amalanke, a cusa su cikin ɗakin da bai wuce mita huɗu kowace kusurwa ba. Bayan mako guda sai a lulluɓe su da zane saboda ƙura, amarya da ƙawayenta kuwa su zauna ƙasa a ɗan filin da ya rage tsakaninsu. An ci bashi an sayo abin da ya kori masu ɗaki daga rabin ɗakinsu.

Abin takaicin shi ne wannan na faruwa ne a bakin Gulbin Kaba. Kwarin nan da ya ratsa gundumomin biyu sunansa ma daga ganyen goruba ya samo shi. Ruwan ƙasa bai da nisa a cikinsa, shi ya sa goruba ta yi masa ƙawanya, kuma daga kabarta ake saƙa tabarma da igiya da faifai da kwando, a kai kasuwannin Mayahi da Kanan Bakashe da sauransu. Mata da yawa a ƙauyukan kwarin da wannan saƙa suke sayen gishiri da sabulu a lokacin rani. Kowane ɗakin da aka cika da soso, ciniki ne ya kuɓuce wa waɗannan mata.

Wanda ya ce ɗaki marar kujera ɗaki ne marar kaya bai san kayan zaman Bahaushe ba. Akwai tabarma, fara da mai rini. Akwai darduma da kilishi. Akwai buzun malam. Akwai tumtum da matasan fata na dukawa, waɗanda ake jingina da su. Akwai ƴar kujerar tsakar gida ta mata, da dakalin ƙofar gida, da rumfar da ake kishingiɗa a ƙarƙashinta bayan azahar. Kowane ɗaya da lokacinsa da mai shi. Tabarma tana bin inuwa: da safe tana yamma da katanga, da yamma an ja ta gabas, da dare an fitar da ita tsakar gida. In an yi baƙi a ƙara shimfiɗa, in sun tafi a kakkaɓe a naɗe. Inda kujeru za su ɗauki mutum shida, shimfiɗa za ta ɗauki goma sha biyu da akushinsu a tsakiya. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin jihar Maraɗi ke haura digiri 40, soso yana riƙe zafi da gumi, kaba kuwa iska na ratsa ta. Ba a ma zo kan kuɗin cizo ba, wanda in ya samu ɗinkin kujera ya samu gidan gado.

Akwai kuma maganar ladabi. Yaro ba ya zama sama da babba. Surukin da ya shiga gaida surukansa ƙasa yake nema. Kujerar salo ta sa wannan al'ada cikin tsaka mai wuya, har ya zama ana shiga ɗaki a tarar da dattijo ɗaya ya nutse cikin soso, sauran jama'a duk suna ƙasa, kujeru biyu na zaune babu kowa.

Masu kare kujera suna da hujjar da ba za a raina ba. Tsohon da gwiwa ke damu, da mai juna biyu, da marar lafiya, tashi daga ƙasa wahala ne gare su. Gaskiya ne, amma maganin wannan kujera ɗaya ce mai tauri ta kafinta ko ta maƙerin ƙarfe, ba jerin soso mai haɗiye mutum ba. Suna kuma cewa kayan ɗaki dama canjawa suke yi. Shi ma haka ne. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda kayan ɗaki ke zama ma'aunin darajar mace da yawan masu tsaya mata. Jeren ƙwarya ya ba kwanuka wuri, gadon kara ya ba na ƙarfe. Sai dai kwano yana zama jari, ana sayar da shi ranar buƙata. Kujerar da ta shekara uku cikin ƙurar hunturu ba mai taya ta.

Hujja ta uku ta fi nauyi: goruba kanta tana shan wuya. Binciken da Régis Peltier da Claudine Serre Duhem da Aboubacar Ichaou suka buga a 2008 kan wannan kwari ya bayyana cewa yawan yankan ɗanyen ganye yana hana ƙananan kaba girma su zama itatuwa. Amma barin tabarma ba ya tsirar da goruba. Manomi yana raya itacen da ke kawo masa kuɗi ne. Ranar da kaba ta daina ciniki, gatari da garma za su gama da ita. Abin da ake buƙata shi ne tsarin yanka da barin wasu tsirrai su tashi a kowace gona, da farashin da zai biya masaƙiya wahalarta, tun da tabarmar roba ta riga ta danne ta a kasuwa.

Abin dariya kuma, alhajin da ya raina tabarmar uwarsa shi ne zai dawo daga Makka da shimfiɗar majalisin Larabawa, ya jera matasai jikin bango, ya gayyaci abokai su zauna ƙasa su yaba. Mutanen Japan ba su ji kunyar tatami ba har yau. Zaman ƙasa ke nan dai, sai ya biyo jirgin sama kafin a ga kyansa.

Malaman makaranta na da hannu a ciki. Yaron da ya koyi sunan kowace kujera da Faransanci daga hoton littafi, alhali ba a taɓa tambayarsa bambancin buzu da kilishi ba, ya riga ya fahimci wane gida ake ɗauka gida. Ƙungiyoyin al'adu ma, da ke hayar kujerun roba don taron kare gargajiya, tabarmin Kanan Bakashe ba su fi ƙarfin aljihunsu ba.