Yarinyar da Take Riga Kowa Gama Lissafi



Kwanan baya a Nasarawan Doya, wani malamin firamare ya kawo mini ƙarar ɗalibarsa 'yar aji biyar. Wai kafin ya gama rubuta lissafi a allo ta ba da amsa, daga nan sai surutu da tsokanar na kusa da ita. Na ce masa, "Malam, wannan ba rashin ji ba ne, aikin ne ya yi mata kaɗan."

Saboda irin waɗannan yara aka ƙirƙiro makarantun masu hazaƙa. Gwamnatin Tarayya ta buɗe tata a Suleja a 1990, kuma hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Jigawa ma tana da tata a Bamaina. Tun a 1977 Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake zaɓen ɗalibai ta jarrabawa, kuma sun yaye ɗimbin likitoci da injiniyoyi.

Manufar irin wannan shiri uku ce. Ta farko, a gano yaron da wuri, kafin zaman banza a aji ya kashe masa sha'awar karatu. Ta biyu, a ba shi aiki daidai ƙarfin ƙwaƙwalwarsa, cikin sa'o'insa, inda zai koyi naci, domin wanda bai taɓa cin karo da tambaya mai wuya ba, ranar da ya gamu da ita sai ya karaya. Ta uku, iliminsa ya dawo ya amfani jama'a. Masu noman rake a Makarfi ma suna bukatar injiniya.

Matsalar tana wurin manufa ta farko. Ɗan birni yana jin labarin jarrabawar, ana yi masa bita. Ɗan ƙauye sau da yawa sai an rufe rajista labari zai iso, in ma ya iso. Hazaƙa kuwa ba ta zaɓen gari.

Don haka, ɗalibi, idan kana gama aiki da wuri, nemi malam ya ƙara maka mai wuya, ko ka ari littafin ajin gaba. Ku roƙi hedimasta ya riƙa bibiyar sanarwar NECO. Iyaye kuma, kada a manta da 'ya'ya mata.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.