NASIHA GA ƊALIBANMU MASU NIYYAR SHIGA MAKARANTAR HORAS DA LAUYOYI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya wajabta adalci a tsakanin bayinSa, Ya kuma haramta zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a kowace shekara 'ya'yan Musulmi masu yawa suna kammala digirin shari'a a jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Ilorin da sauransu. A cikinsu akwai masu ɗokin wucewa Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya ba tare da sun san abin da ke jiransu a can ba. Akwai kuma masu ja da baya saboda an gaya musu cewa aikin lauya aikin ƙarya ne, ko kuwa koyon dokar da ɗan Adam ya rubuta ya saɓa wa addini. Matsayinmu a kan wannan al'amari a fili yake: duk ɗalibin da Allah Ya ba iko, namiji ko mace, ya daure ya ƙarasa wannan karatu har a rantsar da shi, amma ya tafi da guzurin ilimi da gyararriyar niyya.

DALILINMU

Digirin shari'a, wanda ake yi cikin shekara biyar, shi kaɗai ba ya mayar da mutum lauya a ƙasar nan. Tun daga dokar 1962 wadda ta kafa Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi, sai wanda ya shiga makarantar horaswa, ya ci jarrabawarta, aka rantsar da shi, aka kuma rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, shi ne ke da ikon tsaya wa wani a matsayin lauya. Makarantar ta fara aiki a Legas a watan Janairun 1963 da ɗalibai takwas kacal. A 1997 aka mayar da hedkwatarta Bwari kusa da Abuja, kuma daga cikin rassanta akwai na Legas, Inugu, Bagauda ta jihar Kano, Yola, Yenagowa da Fatakwal.

To, ga inda maganar ta shafi addininmu kai tsaye. Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci hurumi a kan aure, riƙon yara, kyauta, waƙafi, wasiyya da gado. Sashe na 276 ya yarda malamin da ba lauya ba ya zama Kadi a wannan kotu, matuƙar yana da shaidar ilimin Shari'a da aka amince da ita, ta kai shekara goma, tare da gogewa ko shahara a ilimi. Amma shari'a ba ta ƙarewa a nan. Wanda bai gamsu ba yana iya wucewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, daga can kuma zuwa Kotun Ƙoli. Sashe na 247 ya shar'anta cewa alƙalai uku masana Shari'ar Musulunci ne aƙalla za su saurari irin wannan ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sashe na 288 kuwa ya fayyace wane ne ake ƙirgawa masani: lauyan da ya shekara 12 da rantsuwa idan Kotun Ɗaukaka Ƙara ce, ko shekara 15 idan Kotun Ƙoli ce, wanda kuma yake da shaidar ilimin Shari'a. Ma'anar wannan ita ce, komai zurfin malami a Mukhtasar, idan ba a rantsar da shi lauya ba, ba zai zauna a kujerar da ake yanke hukuncin ƙarshe a kan gadon Musulmi ba. Idan 'ya'yanmu masu ilimi da tsoron Allah suka ƙaurace wa wannan hanya, kujerun ba za su zauna babu kowa ba.

Tarihi ya nuna mana abin da hakan ke haifarwa. A shari'ar Adesubokan da Yunusa, wani Musulmi ya bar wasiyya da ta saɓa wa ƙa'idar mazhabar Malikiyya, wadda ta hana yi wa magaji wasiyya, ta kuma hana wuce sulusin dukiya. Mai Shari'a Muhammad Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, ya soke wasiyyar a babbar kotu. Amma a 1971 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsa, ta ce dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ta ba mamacin ikon raba dukiyarsa yadda ya so. Sai da wasu jihohi, irin su Kaduna da Kwara, suka rubuta nasu dokokin wasiyya sannan aka toshe wannan ƙofa a cikinsu. A ɗaya ɓangaren kuma, a 1998, a shari'ar Alkamawa da Bello wadda ta shafi haƙƙin shuf'a, Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali ya bayyana a Kotun Ƙoli cewa Shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce, domin ba ta wata ƙabila ba ce. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna cusa ta cikin al'adun gargajiya. Wanda ya faɗi wannan magana inda za ta yi tasiri mutum ne da ya haɗa ilimin biyu.

SHUBUHOHI BIYU

Wasu 'yan'uwa, bisa kyakkyawar niyya, suna kafa hujja da ayoyin Suratul Ma'ida da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu hukunci da abin da Allah bai saukar ba. Wannan gargaɗi gaskiya ne, kuma ba mu sassauta shi ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya fifita dokar mutum a kan ta Allah, ya ƙudurce cewa ta fi ta, da wanda ya koye ta domin ya ƙwato wa marainiya gonar ubanta a kotun da aka kai ta ba da son ranta ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda maslahar Musulmi. Ja'afaru bin Abi Ɗalib ya tsaya a fadar Najjashi, sarkin da ba da Shari'ar Musulunci yake mulki ba, ya kare Musulmin da suka yi hijira zuwa Habasha har aka ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa.

Shubuha ta biyu ita ce wai lauya maƙaryaci ne. Wakilci a cikin husuma babi ne sananne a littattafan fiƙihu, Ibn Asim ma ya kawo shi a cikin Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu ke aiki da ita. An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu ya kan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a shari'a. Abin da aka hana shi ne abin da aya ta 105 ta Suratun Nisa'i ta hana, wato kare maha'inci a kan ha'incinsa. Haka nan hadisin Ummu Salama ya tsoratar da wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi shi iya tsara hujja, cewa wuta ce aka yanka masa. Su kansu ƙa'idojin aikin lauya na Nijeriya sun hana lauya gabatar da shaidar da ya san ta ƙarya ce, ko yaudarar kotu, kuma akwai kwamitin ladabtarwa da ke da ikon soke sunan mai laifi daga rajista. Lauyan da ya yi ƙarya ya saɓa wa Allah, ya kuma saɓa wa dokar sana'arsa.

Duk da haka ba za mu ɓoye wa ɗalibanmu cewa hanyar tana da santsi ba. Za a kawo muku yarjejeniyar bashi da ruwa ku rubuta. Mai kuɗin da ya danne filin talaka zai zo da abin da ya fi albashin shekara. Wanda bai yanke wa kansa hukunci tun yana ɗalibi a kan abin da ba zai karɓa ba, da wuya ya iya yankewa ranar da kuɗin haya ya matsa masa.

ABIN DA YA KAMATA A SHIRYA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin makarantar lauyoyi tun daga ajin farko na jami'a yake farawa.

Na farko, a binciki matsayin jami'a. Bai isa a ce Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da tsangaya ba, dole ne Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ma ta amince da ita. Majalisar tana kayyade wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma jami'ar da ta zarce adadinta ɗalibanta ne ke shan wahala, domin sai su kammala su zauna a gida suna jiran layi. Muna kira ga iyaye su yi wannan tambaya kafin su biya kuɗin rajista.

Na biyu, a tsare mutunci. Ba a rantsar da mutum sai an gamsu da halinsa, kuma manyan lauyoyi da alƙalai ne ke sa masa hannu. Satar jarrabawa, shiga ƙungiyar asiri, ko takardar bogi na iya tare wa ɗalibi hanya bayan shekaru, ko da ya ɗauka an manta. A kuma tabbata suna da ranar haihuwa sun yi daidai a dukkan takardu tun da wuri.

Na uku, a ƙware a harshe biyu. Da Turanci ake rubuta ƙara a manyan kotuna, da shi ake jayayya, kuma ɗalibai da yawa masu kaifin basira raunin rubutu ne ke kayar da su. A riƙa karanta cikakkun hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, a daina dogara da taƙaitattun takardun malamai. Larabci kuwa shi ne mabuɗin Risala da Mukhtasar da Tuhfa. Wanda ya san fiƙihu ta hanyar fassara kawai ba zai iya tsayawa gaban Kadin da ya buɗe masa matani ba. Makarantar lauyoyi ba za ta koya muku fiƙihu ba, saboda haka kada jami'a ta raba ku da zauren malamai, musamman a babin gado, ciniki, shaida da hukunci. Ɗalibin da jami'arsa ke ba da digirin da ya haɗa Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa, muna ba shi shawara ya zaɓe shi, domin irin shaidar da Tsarin Mulki ke nema ke nan.

Na huɗu, a san cewa karatun can na aiki ne. Darussa biyar ake yi: yadda ake gudanar da ƙarar da ba ta laifi ba, yadda ake gudanar da ƙarar laifi, harkar filaye da kadarori, harkar kamfanoni, da ladubban sana'a. Ana kuma tura ɗalibai kotuna da ofisoshin lauyoyi su ga aiki da idonsu. Wanda ya saba zuwa kotun majistare ko kotun Shari'a lokacin hutu, ya zauna ya saurara, ya riga ya rage wa kansa nauyi.

Na biyar, a yi tanadin kuɗi. Kuɗin makaranta, littattafai, tufafin da aka shar'anta da kuɗin rantsuwa suna da nauyi, kuma ana iya tura ɗalibi reshen da ke nesa da gida. A nan muna tunatar da mawadatanmu da kwamitocin zakka da waƙafi cewa ɗaukar nauyin haziƙin ɗalibi na wannan shekara guda yana cikin mafi amfanin abin da za a kashe dukiya a kai. Abin takaici ne yaro ya yi shekara biyar yana karatu, ya tsaya a bakin ƙofa saboda rashin abin biya.

GA 'YAN'UWA MATA

A watan Disambar 2017 an hana wata ɗaliba Musulma shiga zauren rantsuwa a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. Ta yi haƙuri, Musulmi suka tsaya mata, a watan Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Haka kuma ƙarar hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas, wadda aka faɗi a babbar kotu a 2014, an yi nasara a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Yunin 2022. Lauyoyi ne suka bi wannan ƙara shekara da shekaru, suna kafa hujja da sashe na 38 na Tsarin Mulki. Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014. Matanmu da ke neman haƙƙinsu na ciyarwa, riƙon 'ya'ya ko gado suna da maganganun da ba za su iya gaya wa namiji ba. Suna buƙatar 'yan'uwansu mata masu ilimi da kamun kai.

BAYAN RANTSUWA

Fagen aiki yana da faɗi. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017, ana buƙatar masu iya rubuta yarjejeniyar murabaha da ijara yadda za ta inganta a Shari'a ta kuma tsaya a kotu. Jihohi goma sha biyu da suka faɗaɗa aiki da Shari'a bayan Zamfara ta buɗe hanya a 1999 suna buƙatar masu tsara doka da suka san fiƙihu, suka kuma san iyakar da Tsarin Mulki ya gindaya. Sannan ga gidajen yari, inda mafi yawan waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, da yawansu talakawa ne da ba su da mai tsaya musu. Muna roƙon kowane ɗalibi ya yi wa Allah alkawari tun yanzu cewa zai ware wani kaso na lokacinsa ga irin waɗannan bayin Allah ba tare da karɓar ko kwabo ba.

Magabatanmu ba su raina wannan fage ba. A Kano Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam domin shiryar da masu mulki da masu hukunci. A Kano ɗin aka buɗe makarantar horas da alƙalai a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, kuma a cikinta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya yi karatu kafin ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Wannan amana ce ta iso hannunku, kuma za a tambaye ku yadda kuka riƙe ta.

Allah Ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, Ya tsare harsunansu daga ƙarya, Ya tsare hannayensu daga haram, Ya sa su zama mafaka ga wanda aka zalunta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.